Dodon Turawa, aljanin tsamiya da kishiya: wa ya fi hana barci?

Ƴar Unguwar Rimi:
Assalamu alaikum ƴan zaure. Ku yi mini afuwa, na san dare ya yi, barcin ne ya ƙi zuwa. Tun bayan isha'i na zauna da wani littafin ban tsoro na Turawa da ƙanena ya dame ni da tallarsa, wai in na karanta ba zan iya fita tsakar gida ni kaɗai ba. Tsohon gida a daji, ƙofa tana buɗe kanta, yarinya tana magana da muryar ƙato. Na gama tas, na tashi cikin duhu na je na rufe famfon tsakar gida, ko gezau. Amma satin da ya wuce na karanta wani na soyayya a waya, inda amarya ta ɗaga katifa ta tarar da laya an naɗe ta da jan zare, da gashin kanta a ciki. Wallahi kwana uku ina ɗaga katifata, ni da ko aure ban yi ba. Shi ne nake tambaya, wai mu Hausawa muna da littafin ban tsoro kuwa, ko soyayya kawai muka iya? Kuma me ya sa na Turawan bai taɓa ni ba?

Ɗan Rigasa:
Wa alaikumus salam. Yaya, ba ki haɗu da gamonki ba ne. Shi tsoro a kunne yake, ba a takarda ba. Ki nemi fim ɗin The Exorcist na 1973, ki sa iyafis, ki kashe fitila, sannan ki dawo nan ki maimaita mana "ko gezau" ɗin. Maganar ko muna da na ban tsoro kuwa, ai kin ba kanki amsa. Soyayya kawai muka iya, ita ma tatsuniya ɗaya ce ake ta sauya mata zane. Attajiri miskili mai motoci bakwai, yarinya ƴar talakawa mai gashi har gadon baya, ya ɗaure mata fuska a farko, ya kwanta asibiti saboda ita a ƙarshe.

Anti ta Malali:
Kai yaro, littafi nawa ka karanta da za ka yi wa mutane kuɗin goro? Faɗa mini uku da ka kai ƙarshensu.

Ɗan Rigasa:
Anti, na ƙannena nake leƙawa in sun bar waya a caji. Ai Juma'ar da za ta yi kyau tun daga Laraba ake gane ta.

Anti ta Malali:
To kun ji. Ɗan leƙe ne ya zo yanke hukunci.

Malamin Hausa daga Kawo:
Bari in sa baki kafin Anti ta cinye yaron nan ɗanye. Ƙanwata ta Unguwar Rimi, tambayarki ta biyu ta fi ta farko nauyi. A ganina Bature yana sayen tsoro ne yadda muke sayen yaji, don ya ji raɗaɗi a harshe alhali ya san ba abin da zai same shi. Da Mary Shelley ta fitar da Frankenstein a 1818, da Bram Stoker ya fitar da Dracula a 1897, mai karatu a Ingila ya san wasa ne da aka yarda da ƙa'idarsa. Mu kuwa aljani ba wasa ba ne, sura guda ce da sunansu a Alƙur'ani. Tun kina ƙarama aka hana ki zuba ruwan zafi a ƙasa ba bisimilla, aka hana ki zama a dokin ƙofa da magariba, aka ce kar ki bi gindin tsamiya da tsakar rana. Wanda ya tashi a haka, in ka kawo masa dodon Turawa mai haƙora dariya zai yi, don ba ɗan unguwarsu ba ne. In kuma ka kawo masa nasa na gida, ba nishaɗi zai ji ba, a'uziyya zai yi ya rufe littafin. A tsakanin nan marubucin ban tsoro na Hausa ya maƙale.

Kuma ba wai babu aljanu a adabinmu ba. Ruwan Bagaja na Abubakar Imam da Ganɗoki na Bello Kagara duk akwai su, amma can jarumi ne ke kutsawa ƙasarsu ya fito da riba, mai karatu yana ta murna. Wanda ya fi kusa da abin da ya hana ki barci shi ne Jiki Magayi na John Tafida da Rupert East, ɗaya daga littattafai biyar da suka biyo bayan gasar rubutun Hausa ta 1933. Mai kuɗi ya ƙwace wa saurayi budurwa, saurayin ya shiga duniya neman asirin ramuwa, asirin ya sauka a kan ɗan da aka haifa. Kin ga ke nan a wurinmu soyayya da tsoro tagwaye ne, da zane ɗaya aka goye su.

Ƴar Unguwar Rimi:
Allah ya ƙara basira, Malam. Wato ita layar ƴar unguwarmu ce.

Baba na Tudun Wada:
Salamu alaikum ƴaƴana. Jikata ce ke rubuta mini, ido ya yi rauni, in kun ga kuskure nata ne. Na ji ana maganar fim shi ya sa na ce a tashe ni zaune. Silimar zamaninmu ba ta da rufi, sama ce rufinta, don haka sai duhu ya shiga ake farawa, in hadari ya taso kuwa kowa tasa ta fisshe shi. Masu hali suna kujerun baya, mu ƴan kwabo-kwabo muna benci a gaba, wuya a ɗage har a tashi. Ga ɓawon rake da na gyaɗa a ƙasa, ga hayaƙin taba yana ratsa hasken majigi. Kuma a sace muke zuwa, don a lokacin duk wanda aka gani a ƙofar silima sunansa ɗan iska. Na sha dorina a kan haka ba adadi.

Ba ma jin Indiyanci ko kalma ɗaya, amma gobe a teburin mai shayi za mu ba da labarin tun daga farko har ƙarshe, har da abin da jarumin ya faɗa wa uwarsa. Dharmendra mu Sarkin Ƙarfi muka san shi. Mother India, na 1957, an yi ta maimaita shi shekara da shekaru, kuma duk ranar da aka zo wurin da uwar ta harbe ɗanta da hannunta, sai ka ga ƙatti suna murza ido suna cewa hayaƙi ne.

Abin da Malam ya faɗa shi ya tuna mini Nagin, na 1976. An harbe wa macijiya miji, ta duba idon gawarsa ta ga fuskokin mutanen, ta rikiɗa mace kyakkyawa tana bin su ɗaya bayan ɗaya. To ku gaya mini, wannan na soyayya ne ko na tsoro? Ga waƙa, ga kuka, ga rikiɗa, duk a tikiti ɗaya. Ranar da na kalle shi na taho gida ni kaɗai wajen sha biyun dare, na shigo lungunmu sai na ga abu dogo yana jan ciki yana tsallaka hanya. Ban tsaya tambaya ba. Takalmina ƙafa ɗaya har yau ban san inda yake ba. Da safe aka ce ragon maƙwabcinmu ne ya tsinke yana jan igiyarsa.

Ɗan Rigasa:
Hahaha Baba, Allah ya ƙara lafiya. Da yanzu ne ai da fassara za ku kalla, ku ji komai da Hausa.

Baba na Tudun Wada:
Jikokina suna kunna mini. Na ji Ba'indiye yana cewa "kai ɗan samari, za ka ci ƙaniyarka", na ce a kashe. Da da ba ma ji, mu ke sa musu magana a baki, kuma tamu ta fi daɗi.

Anti ta Malali:
Baba, Allah ya ja kwana, kun wanke mini zuciya. Yanzu bari in dawo kan ɗan leƙe. Mu da muka yi makarantar kwana a shekarun 1990 mun san abin da littafin nan yake. Littafi ɗaya sai ya zaga ɗaki guda. Har farke shi muke yi kashi uku, wadda ta gama na farko ta miƙa wa ta gadon sama, ana karatu da tocila a cikin bargo, batir ya yi sanyi a cije shi a mayar. Kuma ba don attajiri mai motoci bakwai muke wannan wahalar ba.

Ka nemi Alhaki Kuykuyo Ne na Balaraba Ramat Yakubu. Magidanci ya kori matarsa da ƴaƴa tara saboda ya auro wata, matar ta koma sayar da abinci don ta riƙe su. Ka nemi Wa Zai Auri Jahila?, inda aka cire yarinya daga makaranta aka ɗaura mata aure da sa'an ubanta. A ɗakinmu akwai wadda ta tafi hutu ba ta dawo ba, sai akwatinta aka aiko a ɗauka. Mun karanta littafin nan muna kallon gadonta babu katifa. Kai kana tsoron yarinya mai juya wuya a Amurka. Mu abin da muke tsoro shi ne a kira mu ofis a ce kawunmu ya zo da mota.

Kuma tun kafin su, Hafsat Abdulwahid ta fitar da So Aljannar Duniya a 1980, a Zariya nan kusa da mu aka buga shi. Shi kuwa Alhaki Kuykuyo Ne har Turanci Aliyu Kamal ya mayar da shi, wani kamfani a Indiya ya buga a 2012. Indiyawan da ake cewa su muke kwaikwayo, su suka zo suka ɗauki namu.

Ɗan Rigasa:
Anti, na janye rabi. Amma ki yarda na yanzu ba irin waɗancan ba ne.

Anti ta Malali:
Wannan kuma wata maganar ce, kuma ban ce ka yi ƙarya ba.

Mai Shagon Haya na Da:
Ni na ci abinci da littattafan nan shekaru, a wajen Kasuwar Barci. Daga Kano muke saro su, mu sa musu bangon leda, mu rubuta lamba a baya, mu ba da haya kwana ɗaya ko biyu. Masu karatuna matan aure ne, ba sa fitowa, yara suke aikowa da takarda a ninke. Akwai kuma maza masu zuwa suna sosa ƙeya, "na maiɗakina ne", gobe ya dawo yana tambayata ko na biyun ya fito, har yana yi mini gardama a kan halin jarumar. Na aljanu da na yaƙi akwai su, samari ƴan sakandare ke ɗauka, amma kanta ɗaya ta ishe su, sauran shagon duk na soyayya ne. Abin da na lura da shi, littafin da ya fi saurin yagewa shi ne wanda uwar miji ko kishiya ta hau dutse wurin boka. Wannan sai na sayi kwafi uku. Da aka ƙona littattafai a Kano a 2007 mun tsorata, mun ɗauka kasuwa ta mutu. Ashe ba wuta ce za ta kashe ta ba, waya ce. Yanzu caji da kati nake sayarwa a shagon.

Malamin Hausa daga Kawo:
Alhaji, ka tuna mini. Sunan nan "Adabin Kasuwar Kano" da ake kiran littattafan nan da shi, Ibrahim Malumfashi ne ya raɗa shi, kuma ba yabo yake nufi ba. Muhawarar da aka tafka a kai da su Abdalla Uba Adamu da Ibrahim Sheme, a shafukan jaridar New Nigerian ta nan Kaduna aka yi mai yawanta. Wato rigimar Anti da ɗan Rigasa ta girme shi.

Marubuciya daga Unguwar Dosa:
Tun ɗazu nake karantawa ina dariya, don ni abin a jikina ya faru. Ina rubutu a WhatsApp, kullum shafi ɗaya. Bara na ce bari in gwada na tsoro zalla, ba soyayya ko ɗigo. Labarin wata ma'aikaciyar jinya ce mai aikin dare, da wata mara lafiya da ke zuwa kullum ƙarfe uku, wadda babu sunanta a rajista. Na yi shafi biyar. Mutane suka fara zamewa daga zauren shiru-shiru. Wata baiwar Allah, daga muryarta ta haife ni, ta turo mini saƙon murya tana cewa, ƴata ki daina kiran mutanen nan da dare, ba a wasa da su. Gaskiyar magana ni ma na fara tsarguwa. Sai yara sun yi barci nake rubutu, ina cikin bugawa labule ya motsa, in ji gabana ya yanke ya faɗi. Na ajiye shi.

Bayan wata biyu na ɗauko matar nan ta ƙarfe uku, ita ɗin dai ba canji, na saka ta cikin labarin aure, na ce uwargida ce ta turo ta. Wallahi waɗanda suka gudu su ne suka dawo suna roƙon in ƙara shafi. Da na yi tunani sai na gane, in turowa aka yi, akwai wanda za a zaga, akwai malamin da zai karya, akwai ranar tonon asiri. In kuwa haka kawai ta zo ba dalili, ba wanda ya san ranar tafiyarta, mai karatu ba ya son a bar shi da ita a ɗaki.

Malam na Badarawa:
Ƴar'uwa, Allah ya saka da alheri da kika faɗi gaskiya, amma a nan damuwata take. Kun mayar da boka tamkar asibiti. Duk matsalar da ta taso a littafi, sai a hau dutse, kuma aikin ya ci, shafi ɗari yana ci, sai a shafi biyun ƙarshe a ce ta yi nadama. Yarinya ƴar sha biyar da ta karanta wannan me ta koya? Ta koyi cewa yana ci. Na ga gidajen da ciwon da asibiti zai warkar ya zama "an yi mata", aka raba zumunci a kan zato. Ban da batsar da ake zubawa a wasu na waya, wadda ba zan iya maimaitawa a nan ba.

Marubuciya daga Unguwar Dosa:
Malam, da girmanka, ba mu muka kai mata wurin boka ba. Mun tarar da layi ne muka rubuta. Maganar batsa kuwa ina bayanka, kuma mu ma tana ɓata mana suna. Amma kar a haɗa mu duka a kwando ɗaya. Gasar Hikayata ta BBC Hausa tun 2016 ake yin ta, je ka ji abin da mata ke rubutawa a can.

Malam na Badarawa:
Wanda ya tarar da layi ya rubuta, ya ƙara wa layin tsawo ko ya rage? Tambaya ce kawai.

Marubuciya daga Unguwar Dosa:
Wanda ya hau mumbari shekara talatin yana wa'azi a kai, ya rage? Ni ma tambaya ce.

Shugabar Zaure:
Jama'a, a sassauta. Malam, Hajiya, kowa ya faɗi nasa kuma an ji. Kar mu tashi da gaba a kan boka da ba ya ma cikin zauren.

Ɗan Barnawa:
Ni a gidan haya na tashi, tsakar gida ɗaya da Inyamurai da Katafawa da Yarabawa, bidiyo ɗaya ce a gidan. Living in Bondage na 1992 a ɗakin maƙwabcinmu muka kalla, yara sun fi ashirin a ƙasa. Shi ma in kun duba ai maganar Malamin Kawo ce. Mutum ya ba da matarsa don ya yi kuɗi, fatalwarta ta hana shi sakat. Ba dodo daga daji, mijinta ne da suke kwana ɗaki ɗaya. Sati guda ƙanwata ba ta yarda babanmu ya aike ta da dare ba.

Ɗan Rigasa:
Tunda kowa ya buɗe cikinsa bari in faɗi nawa, ban da wasa. Kun san tashar jirgin ƙasa a unguwarmu take. Daren 28 ga Maris 2022 ina cikin masu jiran fasinja a bakin tasha, jirgin Abuja bai iso ba, ashe an kai masa hari a hanya. Na ga mutane suna kiran lambobi ana ce musu a kashe. Tun daga ranar na ƙara riƙe finafinan nan. Yaya ta ce ba su taɓa ta ba, ni abin da nake so da su ke nan. Tsoro ne mai makunni. In ya ishe ni in danna, ya mutu, in juya in kwanta. Wancan kuwa ba shi da wurin dannawa.

Anti ta Malali:
Allah ya jiƙan waɗanda suka rasu, ya kiyaye gaba. Ɗana, na janye "ɗan leƙe".

Baba na Tudun Wada:
Amin. Jikata ta ce hannunta ya gaji, kuma wai in faɗa muku ita ma tana karanta na wayar, yanzu na sani. Da safe za mu yi shari'a. Sai da safenku.

Ƴar Unguwar Rimi:
Allah ya tashe mu lafiya, Baba, a yi mata sassauci. Hajiya ta Unguwar Dosa, don Allah ki turo mini shafuka biyar ɗin nan na ma'aikaciyar jinya. Da rana zan karanta.

Anti ta Malali:
Alhaji mai shago, kafin ka kwanta. Akwai wani littafi da malamar ɗakin kwananmu ta ƙwace a hannuna ina aji biyar, ina tsakiyar na biyu, an kai amarya ke nan ta ji ana kiran sunanta daga cikin rijiya. Ban taɓa ganin na ukun ba. Sunan ya ɓace mini, amma bangonsa kore ne, da zanen mace ta yi tagumi a gindin bishiya. Ko kana da ragowar kaya?

Mai Shagon Haya na Da:
Hajiya, mace ta yi tagumi a gindin bishiya ai rabin shagona ke nan. Amma akwai buhu biyu a saman silin, tun da na sauya sana'a ban kwance su ba. Gobe bayan la'asar zan sa yaro ya sauko da su, in gara ba ta riga mu ba.